Rifkatu da Kwamfutar da Ba a Buɗewa

A wani gari akwai wata mace mai suna Rifkatu, shugabar mawaƙan zumuntar mata. Tana da kaka a ƙauye, Kaka Laraba, wadda ita kaɗai ta rage da ta san tsofaffin waƙoƙin yabo na yarensu, waɗanda ba a taɓa rubutawa ba. Tsohuwar ta fara gajiya. Rifkatu ta ce a ranta, "Waƙoƙin nan ba za su shiga kabari da ita ba." Sai ta ƙudura samun kwamfuta ta ɗauki muryar kakarta.

Ita da mijinta Barnaba suka tafi kasuwa. Mai shago ya nuna musu wata haɗaɗɗiya, mai araha, baƙa wuluk, tana sheƙi. A bayanta an manna wata 'yar takarda a kan murfi.

Rifkatu ta ce, "Malam, buɗe in ga cikinta."

Ya ce, "A'a, Madam. Ranar da aka yage takardar nan, babu garanti, babu ruwana."

Barnaba ya ce, "Maman Godiya, irinta ce fa a ofishin coci. Mu ɗauka mu huta."

Ta ce, "Baban Godiya, ko buhun masara sai na zura hannu kafin in saya. Balle abin da zan ba muryar Kaka ajiya?"

Kun san Rifkatu, in ta kafe, ta kafe. Ta nemi wani mai gyara ya koya mata, ta riƙa sayen kayan ɗaya bayan ɗaya: babban allon da komai ke hawa kansa, da rumbun ajiya, da fanka. Gidan kwamfutar ma tsoho ta samo, duk ya kwarzane. Ta cire tsohon akwatin wutar da ya zo da shi, ta sa sabo mai ƙarfi, tsohon kuwa ta naɗe shi a zane ta ajiye. Wahala kam ta sha. Ta ɗaura abu a juye, ta kwance, ta sake. Ta yi kuka, ta share hawaye, ta ɗauki sukundireba. Matan zumunta suna ta tsokanarta, "Sannu, Injiniya! Yaushe jirgin zai tashi?" Ranar da abin ya kama, har guɗa ta yi ita kaɗai a ɗaki.

Ana nan, aka kawo Kaka Laraba asibitin gari, aka ce washegari za a mai da ita ƙauye. Da rana ta sauka gidan Rifkatu. Aka zaunar da ita, aka sa mata makirfo. Ta gyara murya ke nan, sai aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfin tsiya. Fat! Kwamfuta ta mutu, ƙauri ya cika ɗakin.

Barnaba ya ruga ofishin coci ya aro tasu. Ashe wutar nan ta buge ta ita ma. Sakataren coci ya kira mai shago, mai shagon ya ce kada a kuskura a taɓa takardar, a aiko ta, a jira makonni.

Kaka ta ce, "'Yar nan, bar shi. Sai wani zuwan."

Rifkatu ta san da wuya a yi wani zuwan. Ta ce, "Kaka, yau za ki rera."

Ta durƙusa, ta kwance murfi. Ta san kowace waya, don ita ta sa ta. Ta sunkuya ta shinshina. Ƙaurin daga akwatin wuta yake. Ta cire shi, ta warware zanen nan, ta mai da tsohon. Ta danna. Fanka ta juya!

Kaka Laraba ta yi ta rerawa har la'asar, Barnaba yana kaɗa mata tulu. Kafin girbin shekarar ta huta. Ranar jana'izarta, muryarta ce ta ba da waƙa, jama'a suna amsawa.

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Haɗaɗɗiyar kwamfuta ita ce bangaskiyar da muka karɓa a rufe daga iyaye ko fasto, ba mu taɓa leƙa cikinta ba. Tana aiki lafiya muddin kwana lafiya ake yi. Rifkatu kuwa ba ita ta ƙera kayan ba, haka mu ma ba mu muka ƙirƙiro gaskiya ba, Allah ne ya bayar. Amma ita ta ɗora su da hannunta: karatun Maganar Allah, da addu'a, da tambaya, da kuskure, da tuba. Wuta mai ƙarfi ita ce gwaji, kuma ku lura, duka biyun ta buge. Ban ce wanda ya gina bangaskiyarsa ba zai faɗi ba. Zai faɗi, amma ya san inda zai sa hannu. Saboda haka ku buɗe Littafi Mai Tsarki da kanku tun yau. Ranar da ƙauri ya tashi a gidanka, wataƙila fasto yana nesa, abin da kake son ceto kuwa ba zai jira makonni ba.