Kore a Waya, Kumburi a Ƙafa

Akwai wata tsohuwa a unguwar Birni, cikin Damagaram, ana ce mata Kaka Fanta. Shekara arba'in da uku tana zaune da mijinta, Malam Idris, tsohon direban motar gyaɗa da ya ajiye aiki. Ba ta taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba ko na yini ɗaya. Amma in Malam ya yi tari daga zaure, ta san na mura ne ko na neman a kawo shayi.

Malam yana da tansiyo, hawan jini ke nan, zuciyarsa kuma ta fara gajiya. Likita ya ce ya rage gishiri, ya rage tumbi, ya ba shi ƙwayoyi iri biyu.

Ɗaya ƙwayar, ƴar fara ƙarama, ita ce suka ƙi jini da Malam. Aikinta fitar da ruwa daga jiki. In ya sha ta da safe, kafin azahar ya zaga bayan gida sau shida. Shi kuwa mutum ne mai son zama da alwalarsa, ya ja carbi, ya buɗe Alƙur'ani duk lokacin da ya so.

"Wannan ba magani ba ne, Fanta, horo ne," in ji shi. "Mutum da furfurarsa ya yini yana tsere da buta."

"Sha dai, Malam. Butar ba ta kawo ƙara ba."

Autansu Sulaiman, wanda uwar ke kira Ɗanƙarami, yana aikin biro, wato ofis, a Yamai. Yaro ne mai son iyayensa, kada wani ya ce ban faɗa ba. Sai dai ya yi karatu, karatun kuma ya ɗan hau masa kai.

Da ya zo babbar Sallah, ya fito da wani faifan baƙin gilashi daga kwali, mai ƙarafa huɗu a inda ake ɗora ƙafa.

"Inna, wannan ma'auni ne, amma ba irin na ƴan gyaɗa ba. Yana faɗin nauyi, yana faɗin kitsen da ke jikin mutum, har tsoka yana faɗi."

"Ta tafin ƙafa yake leƙa cikin mutum?"

"Wani ɗan kuran na lantarki yake turawa wanda ba a ji. Ya hau ta wannan ƙafa, ya sauko ta waccan, sai ya yi lissafinsa."

Malam ya hau. Nauyi ya fito, sauran kuwa shiru. Ya sauka ya sake hawa, shiru.

"Ya ga kaushin direba ya tsorata," in ji Kaka Fanta. Har Malam sai da ya yi dariya.

Sai da ya yi alwalar la'asar ya hau da danshi a ƙafa, sannan abin ya yi magana. Sulaiman ya haɗa shi da wayar uban, yadda duk abin da aka auna zai faɗa tasa wayar can Yamai. Ya nuna musu launi: ja, kitse ya yi yawa. Rawaya, da sauƙi. Kore, lafiya lau.

Na Malam ja ne wur.

Gaskiya ma'aunin nan ya yi rana da farko. Abin da Kaka Fanta ta yi shekara tana roƙo, gilashi ya sa aka yi shi a sati ɗaya. Malam ya bar kilishi. Ya bar masallacin ƙofar gida, ya koma takawa zuwa na nesa. Kullum da safe ya yi alwala ya hau, kamar mai zuwa gaida sarki. Cikin wata biyu ja ya koma rawaya, numfashinsa ya yi sauƙi, wandonsa ya fara zamewa.

Daga nan ne abin ya karkace.

Wata safiya Kaka Fanta tana kakkaɓe buzun sallarsa, sai ƴan fararen ƙwayoyi suka zubo daga ƙarƙashi. Sun fi goma.

"Malam, mene ne wannan?"

"Na huta da ita. Ba ki ga na'ura ta ce na samu sauƙi ba?"

"Na'ura ce ta rubuta maka maganin?"

"Fanta." Ya ɗaga mata yatsa. "Kwana goma ke nan ina sallar walha da alwalar asuba. Kin san rabona da haka? Kuma ban yarda ki tayar wa yaron nan da hankali ba. Ban yarda ba."

Ta tattara ƙwayoyin ta ƙulle a bakin zanenta. Ba ta kira Yamai ba, don shekara arba'in da uku ba ta taɓa kai ƙarar mijinta wurin ɗansa ba.

Ba a yi sati biyu ba, wayar ta yi kore. Kitse yana sauka, tsoka tana hawa. Nauyi ma yana hawa, amma Sulaiman ya ce wannan ba komai.

"Tsoka ta fi kitse nauyi, Baba! Tafiyar nan ce. Wallahi na nuna wa abokan aikina, ba su yarda shekarunka saba'in ba."

Maƙwabciyarsu Delu ma ta leƙo ta katanga. "Kaka, me kike ba Malam ne? Ya cika ya yi sheƙi kamar ango. A ba mu sirrin mana."

Kaka Fanta ta ji daɗi, ba za a ɓoye ba. A garinmu in miji ya yi kumari, matarsa ake yaba wa.

Wanda bai yaba ba shi ne Mai Nasara baduku, abokin Malam tun suna samari. Shekara talatin shi ke ɗinka masa takalmi, a kan awo ɗaya. Malam ya aika masa takalmi a buɗa, ya buɗa. Bayan kwana takwas ya sake aikawa. Wannan karon Mai Nasara da kansa ya kawo su.

"Idrisa, kai da wa kuke sa takalmin nan, da raƙumi?"

"Fatarka ce ta banza, tana tsukewa."

"Fatata ba ta taɓa cin amanar kowa ba. Miƙo ƙafar in gani."

"Tafi can, likitan akuya."

Suka yi dariya, amma da Mai Nasara zai fita ya tsaya a bakin zaure, ya rage murya.

"Fanta, ni dai ƙafa na sani. Ƙafar yaro ke girma. Ta tsoho ba ta girma."

Da la'asar ta ɗauko man kaɗanya ta ce za ta shafa wa Malam kaushi. Tana shafawa ta danna babban yatsanta a ƙwaurinsa. Ta ɗauke. Ramin ya zauna, kamar an danna tuwon da ya huce. Ta jira ya cike, bai cike ba.

Ta san wannan ramin. Ta gan shi a ƙafar mahaifiyarta shekarar da ta rasu.

Ta shiga ɗaki ta kira Yamai.

"Ɗanƙarami, ƙafar babanka ta kumbura. Ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Ya daina ƙailula a kwance, sai a jingine."

"Inna, yanzu na duba na yau. Komai kore ne."

"Ni kuma na danna da hannuna."

"Don Allah, Inna." Ta ji ya saki numfashi, irin na wanda aka katse wa aiki. "Abin nan masu ilimi suka ƙera shi. Lambobi suna gabana. Ki bar abin da ba ki sani ba, kada ki sa masa tsoro a banza."

Maganar ƙwayoyin ta zo mata har bakin harshe. Ta taɓa ƙullin da ke bakin zanenta. Ta tuna yatsan Malam. Sai ta ce, "To, Allah ya yi albarka," ta kashe.

Malam ya ji komai daga tsakar gida. "Na'ura ta yi magana, mai karatu ya yi magana, ke kuma kin zo da babban yatsa."

Ƴaƴana, ba abin da ke kashe bakin tsohuwa kamar ɗan da ta goya ya ce mata ba ta sani ba. Kwana tara ta yi tana kallon ƙafar nan tana hawa. Ta cire gishiri daga miya gaba ɗaya. Ta jiƙa masa saiwoyi. Kullum da safe tana tsaye a gefe yana hawa gilashi, wayar tana yin kore.

Ranar Juma'a ya yi wanka ya sa farar riga. Takalmin da aka buɗa sau biyu ya ƙi shiga. Ya sunkuya zai ja shi da hannu, sai numfashi ya tsaya masa a wuya. Ya zame a jikin bango, bakinsa a buɗe, yana neman iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Ari mai adaidaita ne ya kai su asibiti.

Sulaiman ya iso washegari da yamma, idanunsa jawur saboda hanya. Ya tarar da uban da robar iska a hanci. Yana ganin likitar, wata mace mai ƴan shekaru, ya miƙa mata waya.

"Madam, duba. Har jiya da safe komai kore ne. Ta yaya haka za ta faru?"

Ta karɓa ta ja da yatsa, ta daɗe tana dubawa.

"Ka ga wannan babbar lambar? Nauyi. Kilo bakwai ya ƙaru cikin sati uku. Ba tsohon da ke yin tsokar kilo bakwai a sati uku. Ma'auninka ya yi ta ihu kullum, ba ku saurare shi ba."

"Amma kitsen..."

"Kitsen ƙiyasi yake yi, ba ya gani. Kuran ɗin nan yana gudu da sauƙi cikin ruwa. Da ya tarar da ƙafa cike da ruwa, sai ya ɗauka tsoka ce, ya ce kitse ya ragu. Ga mai lafiya yana iya nuna masa inda ya dosa a hankali. Ga mai ciwon zuciya da kumburi, launin nan ba abin dogaro ba ne. Wa ya fara lura da ƙafar?"

Kaka Fanta ta ce, "Ni ce."

"Da me kika gane, Inna?"

Ta ɗaga babban yatsanta, tana jin kunya.

"Mu ma da shi muke dubawa," in ji likitar. "Yana shan ƙwayar fitar da ruwa?"

Kaka Fanta ta kwance bakin zanenta a hankali. Ƙwayoyin sun fara narkewa saboda gumi. Ta zuba su a tafin hannun likitar.

Sulaiman ya dubi ƙwayoyin, ya dubi uwarsa. "Inna, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na fara faɗa maka rabi, ka ce ban sani ba. Sai na riƙe rabin."

Ya juya ya fuskanci bango. Kafaɗunsa ne kawai ke motsi.

An janye ruwan. Malam ya dawo gida bayan kwana goma sha biyu, ya rame, takalman da aka buɗa suna yi masa yawo a ƙafa. Amma likitar ba ta ɓoye musu ba: zuciyar ta wahala ƙwarai, ƙoda ma ta taɓu. Ta ce a ci gaba da auna shi kowace safiya, a dubi babbar lambar kawai. In ta ƙaru da kilo biyu cikin kwana uku, a kawo shi ba jira.

Kaka Fanta ta koyi lambobin boko tana da shekara sittin da biyar, saboda wannan kaɗai. Sau biyu ma'aunin ya faɗa mata ruwa na taruwa tun kafin yatsanta ya gani, ta kira Ari suka tafi. Sau biyun aka dawo da shi da ƙafarsa. Ƙwayar kuwa a hannunta yake sha, tana tsaye har ya haɗiye.

"Kin zama soja, Fanta."

"Na makara da zama."

Wata huɗu ya ƙara a duniya. Ya rasu wata Talata bayan azahar, a jingine da bango, carbinsa a hannu.

Bayan addu'ar bakwai, Sulaiman ya ɗauko ma'aunin ya nufi ƙofa da shi.

"Ina za ka kai shi?"

"Bola, Inna. Ba na son ganinsa."

"Ajiye. Shi me ya yi? Abin da ya sani ya faɗa. Mu ne muka tambaye shi abin da bai sani ba, muka kuma yarda. Mijin Delu, Alkasum, irin ciwon babanka gare shi. Gobe da safe zai fara zuwa ya hau."

Ya ajiye shi a hankali kusa da takalman uban, waɗanda har yau ba ta yarda a ɗauke daga zaure ba. Sannan ya durƙusa a gabanta, ya naɗe ƙafar wandonsa.

"Inna, nuna mini inda ake dannawa."

Ta kama yatsansa, kamar yadda ta kama shi ranar da ya fara tafiya, ta ɗora a kan ƙwaurinsa.

"Nan. Ka danna, ka ɗauke, ka jira. Jiran nan shi ne ba ku iya ba."

Darasi: Na'ura tana da amfani a inda ta sani, kuma ba ta san komai ba. Ma'aunin nan gaskiya yake faɗa a kan nauyi, a kan kitse kuwa ƙiyasi ne, bai kai ya sa ka ajiye maganin likita ba. In tsoho ya yi ƙiba kwatsam, kada ku yi barka, ku danna ƙafarsa ku kai shi asibiti. Ku kuma masu karatu, in wadda ke kwana da tashi da mara lafiya ta ce ta ga wani abu, ku bar ta ta kai ƙarshen maganarta. Ku tura wa duk wanda ke kula da iyayensa ta waya.