Malam Ba-Lokaci da Rumbun Bayanai

Akwai wani shugaban sashen rahotanni a wata jami'a, wanda ma'aikata suka laƙaba wa suna Ba-Lokaci. Ko gaisuwa ka tsawaita masa, sai ka ga ya saci kallon agogo.

Gaskiya yana da dalilin gaggawa. Sakamakon ɗalibai na ofishin jarrabawa, bayanan rajista na wani ofishin, na asibitin jami'a kuma na can daban. Duk sanda shugabanni suka nemi rahoto, sai sashensa ya yi ta bin ofis-ofis yana roƙo.

Shi ya sa da wani kamfani ya kawo tayin gina musu rumbun bayanai, wato wuri guda a na'ura da za a tara komai a riƙa ciro rahoto nan take, tun bai gama karanta tayin ba ya amince a ransa.

Aka kafa kwamitin tantancewa, shi ne shugaba. Lauyar jami'a ce kaɗai ta tsaya masa a wuya.

"Ranka ya daɗe, tayin nan bai faɗi wanda zai iya ganin bayanan ɗalibai ba," in ji ta. "Ma'aikatan kamfanin fa? Za su iya kwafa su tafi da su?"

"Haba, Barista! Muna maganar ci gaba, ke kina maganar wa zai leƙa. Ɗalibi har wane sirri gare shi?"

Aka yi dariya.

Abin mamaki, mutumin nan shi ma yana da abin da yake rufewa. Autarsa tana karatu a wata jami'a. Bara ciwon damuwa ya kwantar da ita, har ta dakatar da karatu tana ganin likitan ƙwaƙwalwa. Ranar da ya ɗauko ta, ta riƙe hannunsa tana kuka. "Baba, don Allah kar kowa ya sani." Ya yi mata alkawari. A ofis ya ce musu ta je taya gwaggonta zama ne.

Ranar gwaji ta zo. Wakilin kamfanin ya haɗa kwamfutarsa da majigi, ya haska bangon ɗakin taro. Ya danna sau ɗaya, sai ga rahoton ɗaliban da suka faɗi jarrabawa. Ya sake dannawa, hotuna da sunaye suka jeru.

Lauya ta gyara zama. "Waɗannan sunayen ƙirƙira ne?"

Wakilin ya yi murmushin alfahari. "Mu ba ma gwaji da bogi, Hajiya. Bayanan gaske ne na wata jami'a da muke yi wa aiki. Sunanta kawai muka ɓoye."

"Innalillahi! Da izinin wa?"

"Barista, ki bar mutum ya yi aikinsa," in ji Ba-Lokaci. Ya nuna hoton wani saurayi. "Ku ga wannan, ya faɗi komai da komai. Anya ubansa ya sani?"

Ɗakin ya sake ɗaukar dariya. Daɗi ya kwashe shi, ya ce, "To, nuna mana mai wahalar. Waɗanda suka dakatar da karatu, da dalilin kowa."

Wakilin ya danna.

Sai ga fuskar Auta ta cika bango, da ɗankwalin da shi ya sayo mata. A ƙasa ga sunanta da nasa, ga sunan ciwon, ga maganin da take sha, har da abin da ta faɗa wa likita.

Rabin mutanen da ke zaune sun san yarinyar tun tana zuwa ofis da jakar makaranta. Ba-Lokaci ya ƙura wa hoton 'yarsa ido. Gumi ya keto masa duk da sanyin ɗakin.

Lauyar da ya mayar abin dariya ce ta miƙe. Ta je ta tsaya a gaban majigin, hasken ya faɗa a kan mayafinta, ta kai hannu ta fizge wayar da ta haɗa shi da kwamfutar.

"Taro ya tashi," in ji ta. "Abin da aka gani a nan, a nan zai tsaya. Kai kuma kwashe kayanka. Jami'ar da kuka ci amanarta za ta ji daga gare mu."

A ranar kwamitin ya yi watsi da tayin. Da kowa ya watse, Ba-Lokaci ya tsaya a ƙofar ofishinta, kansa a ƙasa. "Barista, ki yafe mini."

"Ba komai, ranka ya daɗe. Ka je wurin Auta kafin ta ji a bakin wani."

Ya same ta a falo tana ninke wanki. Ya zauna ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ta daɗe riƙe da riga a hannu, hawaye na zuba.

"Ni kaɗai aka nuna, Baba?"

"A'a. An nuna wasu kafin ke."

"Su kuma wa ya tsaya ya rufa musu asiri?"

Ya tuna saurayin nan, ya tuna wanda ya fara yin dariyar. Ya kasa ɗaga ido ya dube ta.

Darasi: Duk sunan da ka gani a na'urar ofis, ɗan wani ne, kuma amana ce a hannunka. Kafin ka miƙa bayanan mutane ga kowane kamfani, tambayi wanda zai gani, kuma kar ka raina mai yi maka wannan tambayar. Ka rufa asirin ɗan wani tun kafin layi ya zo kan naka. Ku tura wa duk wanda ke riƙe da bayanan jama'a a wurin aikinsa.