Harajin "Gaskiya Ne"

A wani gari, bashi ya yi wa Sarki katutu, sai ya ninka harajin kasuwa. Kande mai daddawa ta yi ta mita har aka kai ta fada.

Sarki ya ce, "Tunda kin fi kowa baki, kawo mini harajin da zai cika baitulmali ba tare da talaka ya koka ba. In kin kasa, na ƙwace rumfarki."

Fadawa suka ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe!"

Kande ta durƙusa ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ai ga shi nan. Duk bafaden da ya ce maka 'gaskiya ne', ya biya sule."

"In suka yi shiru fa?"

"Ka huta da raba musu riguna da tukwici. Ko kuɗi su shigo, ko su daina fita."

Sarki ya yi dariya, ya dubi fadawa ya ce, "Matar nan fa tana da kai. Ko ba haka ba?"

Kafin su ankara, su arba'in suka haɗa baki: "Gaskiya ne, ranka ya daɗe!"

Kande ta miƙa ƙwaryarta ta ce, "Sarkin Fada, da kai za a fara."