Layin Masu Tambayar Sirri

A Gusau an yi wata lauya, Barista Rakiya, mai hayar ofis a benen Alhaji Ɗanlami. Shi kansa Alhajin ita ke tsaya masa a kotu.

Wata rana ya hangi ƙaninsa yana fitowa daga ofishin, sai ya hau sama.

"Barista, me Sabi'u ya gaya miki?"

"Alhaji, abin da mutum ya faɗa wa lauyansa amana ne."

"Benen nawa ne, ƙanin ma nawa ne. Ko ki faɗa mini yau, ko gobe ki kwashe kayanki."

Rakiya ta san ba ta da wani ofishin. Ta ce, "To, zan faɗa. Amma sai ka bi layi."

"Wane layi kuma?"

"Surukinka ya riga ka zuwa, haka abokin cinikinka na Funtuwa. Su naka sirrin suke nema. Na ce musu bakina a rufe yake, amma ranar da na buɗe shi, da su zan fara. Bari in kira su, in na sallame su sai kai."

Ta ɗauki waya. Alhaji ya yi sauri ya ɗaga hannu.

"Ajiye, Barista, ajiye. Ni fa zuwa na yi in duba ko ƙofar nan tana buƙatar ƙarin kwado."