Zaɓen da Kurege Ya Ci

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne."

"Ta zo mu ji ta, Baba."

An yi wani gari na dabbobi da ba su da sarki. Rijiyarsu ɗaya, gugansu ɗaya. Duk shekara, ranar ruwan fari, sai a jera ƙore a gindin kuka, kowa ya jefa tsakuwa a ƙwaryar wanda yake so ya riƙe guga. Wanda ya ci, shi ke shayar da gari har wata daminar.

Sau uku Kurege yana tsayawa, sau uku Bushiya tana kayar da shi. Ba ta taɓa hana shi ruwa ba, wannan kuwa ya fi komai ƙona masa rai.

"Abu duk ƙaya," in ji shi, "ko wutsiyar kirki babu!"

Sai ya tafi bayan gari wurin Kura, wadda aka hana zuwa rijiya saboda wata 'yar magana da ta taɓa shiga tsakaninta da 'ya'yan Akuya.

"Yaya Kura, ki tsaya bana. Ke ki riƙe guga, ni in riƙa ba ki shawara."

"Ƙanena, ni da ban iya komai ba? Sai yadda ka ce."

Kurege ya je wa Zomo da raɗa: "Ka jefa wa Kura tsakuwarka. Ba don ta ci ba, don dai Bushiya ta san ita ba kowa ba ce." Zomo ya ce, "Ai tsakuwa ɗaya ce." Ya je wa Kunkuru. "Ai tsakuwa ɗaya ce." Ya je wa Akuya. Ta tuna yadda ake yabon Bushiya a gabanta. "Ai tsakuwa ɗaya ce."

Ranar ruwan fari, ƙwaryar Kura ta cika har tana zuba. Kowa ya yi mamakin maƙwabcinsa.

Shekarar nan an sha ruwa daidai gwargwado, sai dai garin ya ɗan rage cunkoso. Shawarar Kurege kuwa, ba a samu lokacinta ba.

Da ruwan fari ya sake sauka, Kurege ya rusuna. "Ranki ya daɗe, zaɓe fa?"

"Ni mai girmama al'ada ce," in ji Kura. "A kawo ƙore. Guga dai ya saba da hannuna. Bana za ku zaɓi wanda zan karya kumallo da shi. Kai da Bushiya za ku tsaya, tunda kun saba."

Aka jefa, aka zazzage. Duk tsakuwar gari tana ƙwaryar Kurege, har da ta Akuya. Bushiya ko ɗaya ba ta samu ba.

An ce sai da ya ɗan yi murmushi.

To, yara, in ƙyashi ya sa kuka miƙa wa Kura guga don ku ɓata wa wani, za ta bar muku ƙorenku. Tambayar kawai za ta sauya.

Ƙurunƙus kan Kurege, shi ne abin da Kura ta rage.