Ƙusa a Kafaɗar Aljani

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can gabas bayan tekuna, cikin tuddan mutanen Minangkabau inda gonakin shinkafa ke hawa gefen dutse kamar matakala, an yi wani sarki mai suna Bandaro. Yana da mulki da dakaru, amma fadar da yake kwana a ciki ba tasa ba ce. A al'adar ƙasar mata ke gadon gida, uwa ta bar wa 'yarta, 'ya ta bar wa tata. Miji baƙo ne a gidan matarsa ko da shi ne sarki, ɗa namiji kuwa in ya tasa sai ya ɗauki sandarsa ya tafi neman arziki wata ƙasa. Fadar ta Sarauniya Mayang ce, bayanta kuma ta 'yarsu Gimbiya Sarinam. Ɗansu Yarima Jamaris ba shi da ko tabarma a ciki. Wannan shi ne ciwon da ke cin Sarki Bandaro, domin son da yake yi wa yaron ya wuce misali.

A ƙarƙashin wannan ƙasa wani ifiritu ne kwance, sunansa Garagasi. Kansa na cikin wani dutse mai hayaƙi, bayansa kuwa shi ne ƙasar da mutane ke takawa, in ya gaji da kwanciya ya juya sai ƙasa ta girgiza. Kakannin Sarauniya sun ƙulla alkawari da shi cewa ba za a soka masa komai a jiki ba, ba kuma za a sa ƙarfe a ginin fada ba. Shi kuma ya ba su wani shimfiɗaɗɗen dutse wanda babban ginshiƙin fadar ke zaune a kai. Saboda haka ginshiƙan nan ba a binne suke ba, ɗora su aka yi bisa duwatsu, in Garagasi ya juya fada ta yi tangaɗi kamar kwalekwale ta koma ta zauna.

Ana nan sai wani boka mai suna Kalimbu ya zo daga hayin teku, ya karanci damuwar Sarki a fuskarsa, ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, gidan da bai kama ƙasa ba shi ne ke bin mata. A fasa dutsen da babban ginshiƙi ke zaune a kai, a rubuta sunan Yarima jikin ƙusar ƙarfe, a kafe ginshiƙin da ita cikin ƙasa. Daga ranar gida ya zama nasa da 'ya'yansa."

Sarki ya san alkawarin sarai, ba wai mantawa ya yi ba. Ni dai ban san abin da ke makantar da mai hankali kamar son ɗa ba. Ya bari sai da Sarauniya ta fita bikin girbi, ya ɗauki guduma da hannunsa ya farfasa dutsen, ya buga ƙusar ta gindin ginshiƙin har ta nutse.

Ƙusa ta shiga kafaɗar Garagasi. Ya yi wata ƙara wadda ta zubar da 'ya'yan itatuwa, ya zabura, fadar da aka kafe ta kasa tangaɗi, sashenta na yamma ya karye ya rufta kan Yarima Jamaris, ko shurawa bai yi ba. Ƙasa ta tsage ta haɗiye boka. Sannan murya ta fito daga dutsen nan mai hayaƙi tana cewa, "Ya Bandaro, ka kafe ni na kasa juyawa. Haka 'yarka za ta kafe, har ranar da za a zare mini abin da ka soka." Nan take ƙafafun Gimbiya Sarinam suka manne da daɓen katako kusa da ginshiƙin, suka zama itace, itacen kuma ya shiga hawa jikinta a hankali.

Sarki ya ja ƙusar har tafin hannunsa ya ɗaye, ba ta motsa ba. Aka yi shela cewa wanda ya zare ta zai auri Gimbiya. 'Ya'yan sarakuna suka yi ta zuwa, kowanne yana ja yana satar kallon rufin fada da rumbunan shinkafa, suka koma gida da ciwon baya.

Sa'ad da itacen ya kai ƙugun Gimbiya, sai ga wani baƙo, Yarima Nu'umanu, daga wata ƙasa inda ake gini da dutse da ƙarfe, kuma namiji ke gadon gida. Shi bai ji shelar ba, labarin kyawun fadar kawai ya ji a bakin fatake ya taso ya gani da idonsa. Da ya tsaya a farfajiya sai ya ɗaga kai yana kallon fadar. Rufin baƙin zaren kwakwa ne, an lanƙwasa shi tsakiya, gefunansa sun miƙe sama jere da juna da tsini kamar ƙahonin ɓauna. Bangon ya buɗe daga ƙasa zuwa sama kamar cikin jirgin ruwa, babu wurin da za ka ɗora yatsa ba ka taɓa sassaƙa ba: ganye mai nannaɗewa, furanni ja da ruwan zinariya, da jerin agwagi masu komawa gida da yamma. Gaban fadar rumbunan shinkafa ne tsaye bisa dogayen ƙafafu, kowanne da nasa ƙananan ƙahoni. Amma sashen yamma a rushe yake, ciyawa ta fito cikinsa.

Sarauniya Mayang da kanta ta hau da shi matakala. Ya shafa wata gaɓa inda itace ya shiga bakin itace aka danne da turken katako, ya ce, "Allah ya ja zamaninki, a ƙasarmu da mun cika wannan wuri da ƙusoshi."

Ta ce, "Ɗana, guda ɗaya muka sa. Zo ka ga abin da ta yi mana."

Ta kai shi tsakiyar zauren. Gimbiya Sarinam na tsaye, daga ƙugu zuwa ƙasa itace, kuma furannin nan na bango sun fito a jikin itacen, ja da ruwan zinariya. Abin ya yi kyau, kyawun kuma shi ya fi komai ban tsoro. Gefe guda Sarki na zaune a ƙasa, ya rame, gemu ya yi fari. Gimbiya ta dubi baƙon ta ce, "Sannu da zuwa, ya kai baƙo. Ka gafarce ni ban taso na tarbe ka ba. In jan ƙusa ka zo yi, kada ka wahalar da kanka, ka je ka tambayi wanda ƙusar ke jikinsa. Duk waɗanda suka zo ba wanda ya yarda ya hau dutsen nan mai hayaƙi." Tausayi ya kama Nu'umanu har hawaye suka zubo masa.

Da safe ya kama hanyar dutsen. Ya ratsa kurmin da ƙayarsa ta yayyage masa tufafi, ya taka toka mai zafi har takalmansa suka ƙone, ya shiga wani kogo mai warin farar wuta. Can ciki ya ga ido guda, girmansa kamar tafki, jawur saboda azaba.

Ya yi sallama ya ce, "Ya shugaban abin da ke ƙarƙashin ƙasa, an zalunce ka, na kuma zo neman yadda za a gyara."

Garagasi ya ce, "Ƙusar nan kwaɗayin mallakar gida ne ya buga ta, hannun mai kwaɗayinsa ba ya zare ta. In ka yi rantsuwa ba za ka mallaki ko tsinke a fadar ba, kai da 'ya'yanka maza, za ta biyo hannunka. Amma ka sani, da ta fita zan juya, juyin da na daɗe ban yi ba. Dutsen da na ba su sun fasa, ba ni da wani. In ginshiƙin bai sami abin zama ba fada za ta rufta da yarinyar. Abu ɗaya ne zai tsaya a madadinsa, shi ne gadon bayan wanda ya fasa shi."

Nu'umanu ya san rantsuwar nan za ta raba shi da duk abin da aka rene shi a kai. Ya tuna fuskar Sarinam, ya rantse.

Da ya komo itacen ya kai ƙirjinta, numfashi da ƙyar take ja. Ya faɗi saƙon gaban kowa, bai rage komai ba. Gimbiya ta ce, "Baba, kada ka yi. Mun rasa Jamaris, ya isa."

Sarki ya miƙe, ya tuɓe rawaninsa ya ajiye gaban Sarauniya, ya ce, "Mayang, kin karɓe ni baƙo a gidanki, na saka miki da kashe ɗanki. Ki yafe mini in kina iyawa." Ta ce, "Allah ya yafe mana duka," ta juya fuskarta tana kuka.

Aka buga babban tambari, jama'a suka taru da igiyoyi da sanduna suka ɗaga ginshiƙin kaɗan. Sarki ya shiga ƙarƙashin fada da rarrafe. Nu'umanu ya kama ƙusar, ta zaro kamar tsinke daga tuwo. Sarki ya kwanta rub da ciki bisa ramin, aka sauke masa ginshiƙin. Garagasi ya juya. Tuddai suka yi rawa, fada ta karkata har ƙahoninta suka kusa taɓa ƙasa, ta yi ƙara, ta dawo ta zauna daram. Gimbiya ta faɗi hannun uwarta da ƙafafunta na mutum. Da aka leƙa ƙasa ba a ga Sarki ba, sai shimfiɗaɗɗen dutse mai faɗin kafaɗun namiji.

Aka jefa ƙusar cikin teku, aka sake gina sashen yamma ba ƙarfe. Bayan an gama makoki aka ɗaura auren Nu'umanu da Sarinam, dangin amarya suka ɗauko ango da kiɗa suka kai shi gidan matarsa, yadda ake yi a ƙasar. Dattawa suka naɗa shi sarki, ya yi mulki da adalci cikin gidan da ba nasa ba.

Allah ya ba su 'ya mace, ya ba su ɗa namiji. Da ɗan ya tasa lokacin tafiyarsa ya yi, Nu'umanu ya ji ciwon nan na Bandaro ya taso masa a ƙirji, iri ɗaya sak. Bai gaya wa kowa ba. Ya sauka ƙarƙashin fada ya ɗora hannunsa bisa dutsen, ya ji shi da ɗumi kamar bayan mutum. Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya fito ya miƙa wa ɗansa sanda da guzuri, ya raka shi har bakin hanya, ya tsaya yana kallo har yaron ya ɓace cikin gonakin shinkafa.