Tambayar da Aka Sayar a Tudun Wada

An yi wani mutum a Tudun Wada, ba zan kama sunansa ba saboda yana da 'ya'ya. Mai sayar da taya ne, kuma shugaban 'yan kasuwa. In ya ce "na shaida", magana ta ƙare, ko a cinikin fili ko a ɗaurin aure. Musulmi da Kirista duk wurinsa suke kai ƙara.

Wata rana Jamilu, ɗan koren wani mai takarar shugaban ƙasa, ya same shi a shago. Za a yi muhawara ta talabijin a Barnawa, an ware wa 'yan kasuwa tambaya ɗaya.

"Baba, maigidana bai san kan haraji ba," in ji Jamilu. "Ga tambaya mun buga, ya haddace amsarta. Kai dai ka karanta. In an ci zaɓe, akwai kujerarka."

"To, tambayar mutanena fa?"

"Wa zai sani?"

Suka tafa.

Ya 'yan uwa, kwana uku kafin nan 'yan kasuwa sun taru, sun rubuta tasu a fallen littafin makaranta: me ya sa ake yanka wa mai tiren talla ɗaya tikitin haraji uku a rana? Amana suka damƙa masa. Ya ninke ta, ya bar ta a aljihun wata riga.

Ranar muhawara ya sha babbar riga ya zauna a gaba. Kafin a zo kansa, mai gabatarwa ya miƙa makirufo cikin 'yan kallo, ga Juliana, 'yar Binuwai mai sayar da doya a kasuwarsu.

"Oga," ta ce wa ɗan takara, "tikiti uku nake biya kullum. Wanne ne na gwamnatin tarayya, wanne za ka cire?"

Ɗan takara bai shirya wa wannan ba. Sai ya ruga ga haddarsa: "Kamar yadda shugaban 'yan kasuwar Tudun Wada ya tambaya yanzu..." Ya yi ta zuba a kan harajin manyan kamfanoni.

Alhali mutumin nan ko baki bai buɗe ba!

Kamara ta juyo kansa, ga takarda bugaggiya a hannunsa. Juliana ta leƙa.

"Baba, ina tamu ta hannu?"

Duk ƙasa tana kallo.

Ba wanda ya zage shi, jama'a. Kawai aka daina kiransa shaida. Har auren 'yar ƙaninsa, wani aka nema ya tsaya. Yana zaune a shago, a wuce shi da sallama a gajarce.

Wa ya ci riba? Ɗan takara ya janye wa wani, aka saka masa da muƙami. Jamilu ya sauya hula, yana bin sabon ubangida. Juliana har gobe tikiti uku take biya. Shi kuwa mutuncin shekara talatin ya bayar, ko kujerar bai gani ba.

Wanda aka aika da bakin jama'a, bakin ba nasa ba ne balle ya sayar. Allah ya kiyaye mu da cin amanar waɗanda suka yarda da mu. Amin.